Abba da sojan ruwa: abin da na rubuta daga Afrilun 2023 zuwa Yulin 2024

2 Afrilu 2023

Yau azumi goma sha ɗaya. Mun sha ruwa, ina kwashe kwanuka, Abba ya ce yana da magana. Ba sunansa na yanka ke nan ba. Ɗan fari ne, kuma sunan kakansa ya ci, don haka a nan ma Abban zan riƙa cewa. Shekararsa 17, saura masa shekara guda ya gama sakandare a nan Hiyuston.

Maganar ita ce jiya aka buɗe shafin neman shiga NROTC, shi kuma har ya fara cike fom. Na ce mene ne kuma NROTC? Ya ce shiri ne na rundunar sojan ruwan Amurka: su biya maka kuɗin jami'a, ka yi karatunka cikin sauran ɗalibai kana ɗaukar horo a gefe, ranar da ka karɓi digiri a liƙa maka aninin hafsa. Babansa "su biya" kawai ya ji. Ni kuma "soja" na ji, ban ƙara jin komai ba.

Na buɗe wannan rubutun ne don matakan suna da yawa, kuma na san halina, in ban rubuta ba sai in rikita ranaku.

15 Afrilu 2023

Na kwana biyu ina karanta sharuɗɗan da kaina, don bayanin yaro mai zumuɗi ba abin dogaro ba ne.

Shirin tsoho ne. A 1926 aka kafa shi, a jami'o'i shida: Harvard, Yale, Northwestern, Georgia Tech, Jami'ar Washington da ta Kalifoniya da ke Berkeley. Yanzu ana yin sa a jami'o'i sama da 150. Ba shi ne makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis ba, wadda sai ka nemi ɗan majalisa ya gabatar da sunanka, kuma kana cikin kaki dare da rana. A nan ɗalibi ne kai kamar kowa, sai dai kowane zango akwai darasin aikin sojan ruwa, akwai motsa jiki da asuba, akwai ranar sa kaki da fareti a mako, hutun bazara kuma a tura ka horo.

Wanda ya samu tallafin, za a biya masa kuɗin makaranta gaba ɗaya, a ba shi dala 750 na littattafai duk shekara, da kaki, da kuɗin kashewa duk wata: dala 250 a shekarar farko, 300 a ta biyu, 350 a ta uku, 400 a ta ƙarshe. A ƙasar da jami'a mai zaman kanta ke cin sama da dala 50,000 a shekara kafin a zo maganar ɗaki da abinci, na gane abin da ya sa idon Baban Abba ya yi haske. Ga ƙannensa mata biyu suna tafe.

To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Bayan digiri, shekara biyar ce aƙalla a bakin aiki. In matuƙin jirgin sama ya zama, takwas ce, kuma ba a fara ƙirgawa sai ya gama koyon tuƙin. Shekarar farko ta jami'a kaɗai ce ta gwaji, yana iya fita ba a bin sa ko sisi. Da zarar ya taka shekara ta biyu an ɗaure: in ya fasa, ko ya mayar da kuɗin, ko a ɗauke shi ƙaramin soja ya biya da jikinsa. Na karanta wa babansa wannan wurin sau biyu. Ya ce, "Maman Abba, ai ko bashin banki ma biya ake yi." Na ce na banki da dala ake biya.

20 Mayu 2023

Kashi uku ne ake zaɓa tun a fom: sojan ruwa zalla, sojan kundumbala, ko aikin jinya. Ɗaya kawai ake nema. Na yi ta kewaye-kewaye ina yabon aikin jinya, ya bar ni na gama, sannan ya ce na farkon ya zaɓa.

Sun kuma kasa fannonin karatu rukuni uku. Na ɗaya shi ne injiniyancin da suka fi buƙata, irin na lantarki, na injuna, na nukiliya, na ƙera jiragen ruwa. Na biyu sauran injiniyanci da lissafi da kimiyya. Na uku duk abin da ya rage. Wajen kashi 85 cikin 100 na guraben 'yan rukuni na ɗaya da na biyu ake ba wa. Ko tarihi ka karanta ma ba ka tsira ba, dole ka ci kalkulas na zango biyu kafin ƙarshen shekara ta biyu, da fiziks na zango biyu kafin ƙarshen ta uku. Abba ya sa injiniyancin injuna. Wannan kam ban yi mamaki ba, yaron da ya kwance mini injin markaɗe yana ɗan shekara tara, ya mayar, ya rage kusoshi biyu a hannunsa.

Wani layi ya tsayar da mu: ɗan ƙasa biyu. A nan aka haife shi, amma mun yi masa fasfo na gida tun yana jariri. Ana son ya bayyana, ya kuma nuna a shirye yake ya ajiye ɗayan in an buƙata. Babansa ya yi shiru ya fi minti guda, sannan ya ce a rubuta gaskiya.

17 Yuni 2023

Sakamakon SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, ta ranar 3 ga wata ya fito jiya. Lissafi 680, Turanci 590. Mafi ƙarancin da suke karɓa 540 ne a lissafi, 550 a Turanci, to ya haye, amma hayewa dabam, a zaɓe ka dabam. Zai sake zama a ƙarshen Agusta.

8 Yuli 2023

Mai son zama sojan ruwa bai iya iyo ba. Laifina ne, ni na hana su zuwa wurin wanka tun suna ƙanana. Ba a tambayar iyo a fom, amma daga baya akwai gwaji: a diro daga bisa cikin ruwa mai zurfi, a yi iyon yadi 50, a kwanta a kan ruwa minti biyar. Ya yi rajista a wurin koyon iyo na unguwa, shi ne ƙato a cikin 'yan shekara takwas. Ƙannensa sun samu abin dariya na wata guda.

12 Agusta 2023

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa tun watan jiya yake shirin gwajin ƙarfi. Abu uku ne a jere. Ya kife ya dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar sanda, a ga iya daɗewarsa. Sannan ya yi ta tura ƙasa da hannuwa yana ɗagowa har minti biyu, ana ƙirgawa. Sannan gudun mil guda.

Zafin bana ya wuce misali, da rana yana haura digiri 40, don haka bayan sallar asuba muke fita filin makarantarsu, ni ce mai riƙe agogo. Ranar farko ya yi mil ɗin a minti 7 da daƙiƙa 50, ya zube a ciyawa yana haki. Na tsaya a kansa ina sauraron numfashin, kamar yadda na saba tun yana ƙarami. Babu shessheƙa, babu komai. Yau ya yi a 6 da 55.

Ina mamakin kaina. Abin da ba na so ne, amma ni ce ke tayar da shi.

9 Satumba 2023

Malamin wasanninsu ya yi masa gwajin na gaske, ya sa hannu. SAT ta biyu ta ƙara masa maki 40 a Turanci. Saura takardun shaida daga malamai. Malamar lissafi ta aika cikin kwana biyu. Wani kuma sai da Abba ya je ofishinsa sau huɗu. Na ce bari in rubuta masa da kaina, Abba ya ce, "Umma, don Allah kar ki yi. Su fa suna duba wanda ke bin abinsa da kansa." Na janye.

Ya rubuta bayanin dalilin da ya sa yake son zama hafsa, ya hana kowa gani. Na roƙa, na yi fushi, na yi lallashi. Ya ce in an gama komai zai nuna mini.

27 Satumba 2023

Yau aka yi masa tambayoyin baka, gaba da gaba da wani laftanan a ofishin shirin da ke wata jami'a nan cikin gari. Ya sa kwat ɗin da muka saya don bikin makaranta, hannun ya ɗan ɗage masa. Na zauna a mota kusan awa guda ina jan carbi.

Da ya fito na ce yaya? Ya ce an tambaye shi wasannin da yake yi, da inda ya taɓa shugabantar wasu, da lokacin da ya taɓa faɗuwa a wani abu da yadda ya yi. Sannan laftanan ɗin ya ce masa, in ba a ba ka tallafin ba fa? Na ce me ka ce? Ya ce ya faɗa masa zai shiga duk da haka. Ashe akwai hanyar da ɗalibi ke shiga shirin ba tare da an biya masa ko kwabo ba, ya sa kaki, ya yi horon, daga baya ya nemi tallafin shekara uku ko biyu.

Na kunna mota na kasa ja. Wata shida ina gaya wa kaina, ina gaya wa 'yan'uwa, cewa yaron nan tausayinmu yake ji, so yake ya ɗauke mana nauyin kuɗin makaranta. Da haka na riƙa lallashin zuciyata. Ashe ba kuɗin ba ne. Aikin yake so.

3 Oktoba 2023

An aika. Sai ƙarshen Janairu ake rufewa, amma kwamitin zaɓe yana zama lokaci-lokaci tun daga kaka, wanda ya kai da wuri takardarsa ta fi samun dubawa.

Jami'o'i biyar ake jerawa bisa fifiko, kuma dole a samu ta gwamnatin jiharka a ciki. Mu a Teksas ba mu rasa ba: akwai reshe a Ostin, akwai a Texas A&M inda sai ka shiga rundunar ɗalibai masu kaki ta makarantar, akwai Rice, akwai Prairie View A&M, wadda a 1968 ta zama jami'ar baƙar fata ta farko da aka buɗe wa reshen shirin. Shi dai ya sa wata mai zaman kanta a wata jiha a sama, ta jiharmu a ta biyu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, sojan ruwa ba sa nema maka gurbin jami'a. Wannan fom dabam ne, da kuɗinsa da ranakunsa. Kana iya samun tallafi a rasa makarantar da za a kai shi.

21 Oktoba 2023

Shekaranjiya wani jirgin yaƙin Amurka mai suna Carney ya kakkaɓo makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa da aka harbo daga Yaman, a Bahar Maliya. Ga kuma abin da ke faruwa a Gaza, wanda ba na iya kallo ina cin abinci. Da can in an ce jirgin yaƙi a labarai, ƙarfe nake gani. Yanzu ina tambayar kaina 'yan shekara nawa ne a ciki, wa ya haife su.

Jiya bayan Juma'a wata baiwar Allah da muke mutunci ta ja ni gefe ta ce, "Maman Abba, da gaske ne abin da na ji? A wannan lokacin?" Ban ji haushinta ba. Tambayar da ta yi ita ce ke hana ni barci. Na ce mata ta sa shi a addu'a.

Hajiya kuwa, mahaifiyar babansa, damuwarta dabam ce. Ta waya ta ce, "A tudu in ka faɗi ka tashi. A ruwa me za ka kama?" Ta ce a ba ta Abba, mijinta, kamar yadda take kiransa da wasa. Sun fi rabin awa, yana ta lalubo Hausarsa, ina jin dariyarta daga nesa.

Da dare na same shi a ɗaki na tambaye shi kai tsaye: in an ba ka umarnin da zuciyarka ba ta yarda da shi ba fa? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ya ce rantsuwar hafsa ta kare tsarin mulkin ƙasa ce, kuma doka ba ta tilasta wa soja bin umarnin da ya saɓa mata. Na ce ba haramtaccen umarni nake nufi ba, halattacce a dokarsu wanda kai ba ka so. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Umma, ina tunaninsa. Ban gama ba." Da ya ba ni amsa a shirye da na fi tsorata.

25 Nuwamba 2023

Shiru. Yana duba shafin sau uku a rana.

14 Disamba 2023

An zaɓe shi. Ina wurin aiki ya kira, muryarsa na rawa. An ajiye tallafin a jami'ar da ya sa a farko, bisa sharaɗi biyu: ita jami'ar ta ɗauke shi, likitocin soja kuma su ce lafiyarsa ƙalau. Babansa ya yi sujada a tsakar falo. Na yi masa barka, na dafa abin da yake so, na shiga banɗaki na yi kukana.

10 Janairu 2024

Binciken lafiya yana hannun wata hukuma ta ma'aikatar tsaro da ake kira DoDMERB, mai ofishi a Kolorado. Su ke tantance masu neman duk makarantun hafsoshi, ba na ruwa kaɗai ba. Kafin ganin likita da mai duba ido akwai dogon fom na tarihin lafiya, tambaya bayan tambaya, e ko a'a. Muna cikin cikewa muka iso kan asma, shessheƙa, ko amfani da maganin shaƙa.

Sai na tuna. Fabrairun 2021, lokacin sanyin nan da ya kashe wutar Teksas, muka kwana uku a gida kamar cikin firji. Abba ya kamu da tari mai tsanani, yana gab da cika 15. Likita ya ce ƙirji ne ya yi sanyi, zai wuce. Ni ce na ce a rubuta mana abin shaƙa, ko don tsaro. A kantin magani nake aiki, da hannuna na ɗauko shi daga kan kanta. Bai shaƙa ya fi sau uku ba.

Ƙa'idarsu kuwa ita ce, duk alamar asma bayan yaro ya cika 13 tana hana shiga.

Wani abokin babansa ya ce mu sa a'a kawai, wa zai sani? Ni na san wa zai sani, don aikina ke nan: duk maganin da aka bayar yana rubuce, da suna da rana. Amma kafin in buɗe baki Abba ya riga ya danna e.

6 Fabrairu 2024

Sakamako ya zo: bai cika sharaɗin lafiya ba, saboda tarihin ciwon hanyar numfashi bayan shekara 13.

Zan rubuta wannan don na yi wa kaina alkawarin ba zan yi ƙarya a nan ba. Da na karanta, daɗi na ji. Wani sanyi ya sauko mini tun daga wuya har ƙafa, irin wanda rabona da shi tun azumin bara. Na ce shi ke nan, Allah ya raba, ba da hannuna ba, ba wanda zai ce ni na hana.

Sai na ɗaga kai na gan shi a bakin ƙofar kicin. Bai yi kuka ba, bai ce komai ba, ya ɗauki takalmansa ya fita gudu cikin sanyi. Na tsaya da wayar a hannu. Da hannuna ne mana. Ni na roƙi maganin da bai buƙata ba, saboda tsorona, ga shi tsoron nawa ya biyo shi bayan shekara uku ya tare masa hanya, ni kuma ina murna.

Ba a rufe ƙofar duka ba. Hukumar ta Kolorado aikinta ta auna ka da ƙa'ida ne kawai. Yafewa kuma a hannun sashen lafiya na rundunar ruwa take, su za su duba su ga ko abin da aka samu zai hana aiki. Sai dai suna son hujja.

Da ya dawo na ce masa takardun nan ni zan nemo su, na san inda suke kwana.

20 Fabrairu 2024

Ya cika 18 a makon jiya. Abu biyu suka biyo baya. Ya yi rajistar da doka ta wajabta wa kowane namiji cikin kwana 30 da cika 18, ta sunayen waɗanda za a iya kira aikin soja in ƙasa ta shiga halin buƙata. Na biyu kuma, na je asibitin yara karɓar fayil ɗinsa, matar da ke kan tebur ta ce ba za ta iya ba ni ba sai da sa hannunsa, yanzu babba ne. Ni da na kawo shi wurin nan a goye. Na koma mota, na kira shi, ya zo bayan makaranta ya sa hannu, aka ba ni.

Na haɗa bayanan likita tun daga haihuwa, da takardar kantin magani ta shekara biyar da ke nuna sau ɗaya tak aka karɓi abin shaƙar, ba a sake ba. Malamin wasanni ya rubuta cewa shekara uku yana gudu a ƙungiyar makaranta bai taɓa ganin ya tsaya don numfashi ba. Shafi 64. Na jera su bisa kwanan wata, na sa lamba a kowanne.

19 Maris 2024

Sun nemi gwajin huhu. Iri biyu aka yi: ya hura iska da ƙarfi cikin na'ura a auna, sannan a shaƙa masa wani magani da ke tsuke hanyar numfashin mai asma, ana ƙara yawansa kaɗan-kaɗan ana sake aunawa. Ranar ta faɗo cikin azumi. Ya tambayi liman, ya ajiye na ranar zai rama.

Ina zaune a waje ina jin mai gwajin tana ce masa hura, hura, hura. Na rasa addu'ar da zan yi. A ƙarshe na ce Allah ya zaɓa masa, ba ni ba. Huhunsa bai motsa ba har aka kai ƙarshen maganin.

29 Maris 2024

Jami'ar farko ba ta ɗauke shi ba. Ta jiharmu ta ɗauke shi tun watan jiya, a fannin da ya nema. Yanzu sai ya rubuta a mayar da tallafin can, kuma sai in reshen yana da sauran wuri, don kowanne da adadin da yake ɗauka. Ni ko a jikina, tafiyar awa kaɗan a mota ta fi mini jirgi. Na dai yi ƙoƙari fuskata ba ta nuna ba.

12 Afrilu 2024

Shekaranjiya aka yi Sallah. Yau aka amince da sauya makarantar. Saura lafiya.

1 Mayu 2024

Yau ce ranar ƙarshe ta karɓar gurbi a jami'o'i da yawa. Mun biya kuɗin kama wuri ba mu san ko da tallafi ko babu ba. Ni da babansa mun zauna da takarda da biro mun yi lissafin shekara huɗu in babu. Zai yiwu, da ƙyar, in na ƙara kwanakin aiki. Abba ya ce ko yaya ta kasance ranar farko zai je ofishin reshen ya gabatar da kansa.

23 Mayu 2024

An yafe. Layi biyu ne kawai a shafin. Wata uku da rabi muna jiran layi biyu.

Na binciki zuciyata kamar mai taɓa tsohon ciwo. Tsoron yana nan inda yake, bai ragu ba. Amma da ya rungume ni, shi da ba ya runguma, murnar da na yi ta gaske ce.

Da dare ya turo mini bayanin nan da ya ɓoye tun Satumba. Ba zan kwafe shi a nan ba, nasa ne. Akwai injin markaɗena a ciki, da kusoshi biyun.

15 Yuni 2024

Tallafin ba ya fara aiki sai ya wuce horon sababbin ɗalibai na kusan mako uku a sansanin Great Lakes, arewa da Shikago a bakin tafkin Mishigan, inda rundunar ke horar da kuratanta. Wata takardar ta sake zuwa da jerin abubuwa: katin allurar rigakafi, sakamakon gwajin sikila, takalmin gudu, kaya kaɗan. Gwajin sikilar ba don hana masu ɗauke da ƙwayar ba ne, don a san su ne a kula da su lokacin horo mai tsanani. Nasa AA ne, na sani tun yana jariri, amma takarda suke so ba bakina ba.

Ya ce mini a wannan sansanin ne a 1944 aka horar da baƙaƙen fata goma sha uku da suka zama hafsoshi baƙaƙe na farko a rundunar. Ya kuma ce in ya wuce shekarar farko, bazara mai zuwa za a kai su San Diyego ko Norfolk na mako huɗu, mako guda a jirgin ruwa, guda a mai nutso, guda wurin jiragen sama, guda wurin 'yan kundumbala, don kowa ya ga inda zuciyarsa ta fi kwantawa. Na ce ban da mai nutso. Ya yi dariya bai amsa ba.

Na tambaye shi salla da abinci. Ya ce ya riga ya rubuta musu ba ya cin naman alade, kuma akwai limaman soja da ake kai wa irin wannan buƙata. Ban san lokacin da ya yi ba.

18 Yuli 2024

Guguwar Beryl ta faɗo mana ranar 8 ga wata, ta bar gidaje sama da miliyan 2 babu wuta. Mu kwana shida muka yi. Da fitilar waya muka haɗa masa jaka, a gidan wata ƙawata muka wanke kayan.

Yau da asuba muka kai shi filin jirgi. Ya aske kansa tun jiya, kunnuwansa sun fito kamar lokacin da yake aji ɗaya. Za a karɓe wayoyinsu da sun isa, don haka ya ce in na ji shiru lafiya ce. Babansa ya dafa kansa ya yi masa addu'a. Ni na ce ya riƙe salla, ya riƙa shan ruwa, sauran maganar ta maƙale. Ya ce, "To Umma," ya shiga layi. Sau ɗaya ya waiwayo.

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna saƙo ya shigo: ya sauka, an kwashe su a bas.

Da yamma na shiga gyara ɗakinsa, a can ƙarshen aljihun tebur na ci karo da abin shaƙar nan, shuɗi, da sunansa a jiki da rubutun kantinmu. Ya lalace tun 2022. Na sa shi a jakata, gobe in na je aiki in jefa a akwatin magungunan da suka tashi aiki.

Za a fara karatu a ƙarshen Agusta. Saura zanen gado, da fitilar tebur, da kwat mai dogon hannu.